Injiniya Ɗanasabe da Kati na Biyu

Ɗanasabe ya daɗe yana roƙon Allah Ya kawo ranar da za a ba shi saba, uwar kwamfutocin ofis, ya gyara. Rediyo ya gyara, injin ban-ruwa ya gyara, agogon bangon masallacin unguwarmu ma ya taɓa gyarawa, shi ya sa har yau in ya nuna ƙarfe biyu sai ladan ya leƙa waje ya dubi inuwa. Amma duk wannan a wurinsa wasan yara ne. Tun da ya yi mako uku a Kaduna yana riƙe wa masu kafa kyamara tsani, ya dawo garinmu Ƙarfi ya rubuta INJINIYA da jan fenti a rumfarsa ta cajin waya, wadda ke jingine da bangon ofishinmu. Daga ranar, in ka kira shi Ɗanasabe zalla sai ya yi kamar da wani kake.

Ni sunana Muhammad Sani, ni ke kula da siton ƙungiyar manoman masara ta unguwarmu, kuma rediyona na cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a hannunsa. Don haka ba zan ɓoye muku ba, aikin mutumin nan ba ya burge ni.

A bana wani shirin tallafin noma ya ce zai ba mu ingantaccen irin masara da taki, da sharaɗin kowane manomi ya zo ofis ya dangwala yatsa, a tura sunaye ta netwok ranar Alhamis kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ƙungiyar da sunayenta ba su isa ba, motar iri za ta wuce ta. Mu ɗari huɗu ne da 'yan kai, an gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa, kuma da yawanmu ba su ajiye iri ba saboda sun dogara da wannan.

A kusurwar ofis akwai wata baƙar kwamfuta mai tsayin buhun gero, ita ce saba. A bayanta katin netwok biyu ne, kowanne da ramin soka kebur da 'yar fitilarsa. Na farko yana haɗa ta da ƙananan kwamfutoci uku da ake rajista da su. Na biyu, wanda Injiniya Almustapha na Funtuwa ya sa mana, shi ke haɗa ta da farin farantin da ke saman kwano yana kallon Malumfashi, kuma ta nan sunaye ke fita. Ranar Alhamis da safe Malama Bushra, mai kula da rajistar, ta kunna saba. Fitilar katin farko ta kama, ta na biyu ta ƙi. Aka kira Almustapha ya fi sau goma, ashe ya tafi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Bakori inda waya ba ta shiga.

Kafin a gama jajanta wa juna sai ga Ɗanasabe, jakar kayan aiki a kafaɗa, sukundireba a bayan kunne, baƙin tabarau a goshi.

"Salamu alaikum. Na ji an ce saba ta kwanta."

"Ba ta kwanta ba," in ji Malama Bushra. "Kati na biyu ne fitilarshi ba ta kamawa. Rajista na tafiya."

"Iyakar abin da ku kuke gani ke nan." Ya juya wurin shugaban ƙungiya. "Ranka ya daɗe Alhaji, a Kaduna irin wannan guda bakwai nake tayarwa kafin in karya kumallo. Wannan ai matsalar konekshan ce a cikin sistam."

Alhaji Maiwada mutumin kirki ne, amma duk wanda ya jefa mishi kalmar Turanci biyu a jere ya gama da shi. Na ga fuskarsa ta saki.

"Alhaji," in ji Malama Bushra, "ni dai a ganina a samu maza su matsar da kabad ɗin ƙarfen nan, mu bi kebur ɗin mu ga inda ya shiga. Ta bayanshi ya bi."

Ɗanasabe ya yi dariya har da dafa bango. "Malama, wanda bai san aiki ba shi ke bin kebur. Mu ciki muke shiga. Kin taɓa ganin an kai mai ciwon ciki asibiti likita ya fara da duba takalmi?"

"Minti nawa zai ɗauke ka?" in ji Alhaji.

"Goma. Sha biyar in na tsaya shan shayi."

Ƙarfe tara da rabi ke nan.

Da farko ya kara kunne a jikin saba ya rufe ido yana gyaɗa kai. Sannan ya ƙwanƙwasa ta ta gefe, ya ƙwanƙwasa ta sama, ya ɗauke ta da mari irin wanda ya yi wa rediyona ranar ƙarshe. Fitila ba ta kama ba. Sai ya zare kebur ɗin biyu ya musanya musu rami. Nan take kwamfutocin rajista uku suka tsaya cak, Hussaini mai babur yana tsaye da yatsa a kan na'ura.

"Malama, in ɗaga ko in bari?"

"Ɗaga, Hussaini. Injiniya, ka kashe mana wanda ke aiki."

"Yauwa!" in ji Ɗanasabe. "Abin da nake son in gani ke nan. Ciwon yawo yake yi."

Bai mayar da su ba. Ya miƙa hannu ya fizge filogin saba daga bango. Malama Bushra ta dafe kai da hannu biyu ta ce ba haka ake kashe ta ba, ya ce a Kaduna ba su da lokacin lallashi. Ya kwance murfi, ya leƙa ciki. Ni da nake bayansa na ga abin da ya gani: katuna biyu koraye, iri ɗaya sak, ba mai lamba ba mai suna. Na ga leɓensa na motsi, yatsansa na tsalle daga wannan zuwa wancan. Inda yatsan ya tsaya, shi ya zare.

"Wannan na farko ne," in ji Malama Bushra. "Mai lafiyar ka cire."

"Da gangan. Mai lafiya ake fara dubawa, don a san yadda ya kamata mara lafiya ya zama. Hussaini, tsiyayo mini fetur a babur ɗinka."

"Fetur kuma?"

"Kabireta in ta toshe da me kake wanke ta?"

Hussaini ya tafi ya tsiyayo a gwangwanin tumatir. A gaban mutum sittin da suka rage a layi, Ɗanasabe ya tsuguna a ƙofar ofis ya wanke katin da tsohon burushin haƙori, yana yi yana bayanin yadda datti ke toshe hanyar sunaye. Wasu dattawa har suna cewa Allah Ya ƙara basira.

A cikin masu jira akwai Gwaggo Tasalla, tsohuwar da ke noma gonarta da kanta tun rasuwar mijinta, wadda ba ta iya zaman banza ba. Da ta ga layi ba ya motsi, ta koma gida ta ɗauko buhun barkononta, ta baza tamfol a gefen ofis ta shanya. Ɗanasabe ya duba ko'ina bai ga wuri mai tsabta kamar tamfol ɗin ba, ya je ya ɗora katin a tsakiyar barkono.

"Kai ɗan nan, mi ka aza mini cikin shanya?"

"Gwaggo, abin nan da kike gani ya fi barkonon naki daraja nesa ba kusa ba."

"To kai shi shanyar gidanku mana, tunda mai daraja ne. Ni kau fetur nike ji. In miyata ta yi warin babur, kai za ka shanye ta."

"Minti biyar ne, Gwaggo."

"Irin minti goman ɗazu?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya wuce gindin dalbejiya wurin mai fura, ya zauna yana ba mutane labarin wata saba da ya tayar a Kaduna wadda Turawa uku suka gagara. Yana tsakiyar labarin hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙarfi. Mata suka yi caa suka taya Gwaggo kama bakin tamfol, aka juye barkono a buhu, aka ɗaure. Ruwan bai zo ba, hadarin ya wuce. Ɗanasabe ya dawo yana share baki, ya tarar da ƙasa wayam.

"Ina katina?"

"Wane kati?" in ji Gwaggo.

"Na cikin barkono!"

"To ai ka faɗa da bakinka. Yana cikin barkono."

Saboda iska ba ta kwanta ba, a tsakar ofis aka zazzage buhun. Mu biyar muka durƙusa muna tonon barkono da hannu, Gwaggo na tsaye a kanmu tana gargaɗin kada a murƙushe mata ko ɗaya. Ni na tsinci katin a can ƙasa, ya yi ja wur. Ɗanasabe ya karɓe, ya hure shi sau ɗaya, ya soka a raminsa, ya mayar da kebur yadda suke da farko, ya kunna wuta tun ba a share ɗakin ba.

Ban san saba na da fanka har uku a ciki ba sai ranar. Suka zuƙi garin barkonon da ke ƙasa suka feso mana shi a fuska. Alhaji Maiwada ne ya fara atishawa, hularsa ta faɗo. Malama Bushra ta rufe fuska da mayafi tana tari. Hussaini ya yi waje a guje ya yi karo da masu leƙe ta ƙofa, su ma suka kama. Cikin minti ɗaya tun daga ofis har gindin dalbejiya babu mai iya gama salati ba tare da atishawa ta katse shi ba.

Ɗanasabe, hawaye shaɓe-shaɓe, majina har leɓe, ya nuna bayan saba. "Kun gani? Fitila ta kama! Alhaji, ka gani da idonka!"

"Wannan ai da ma tana kamawa kafin ka zo," in ji Malama Bushra ta cikin mayafi. "Ta biyun fa?"

Ta biyun tana nan yadda take tun safe. Aka kira azahar. Awa huɗu ya ci, abin da ya samar mana shi ne ya dawo da mu inda muka fara, sai dai yanzu kowa idonsa ja.

Da muka dawo daga masallaci na ɗauka kunya za ta sa ya sulale. Ina! Muka tarar ya aro tsani wurin magina ya jingina da bango.

"Na gama bincike," ya ce. "Kati lafiyarshi ƙalau. Faranti ne. Alhaji, sunayen nan ina za su?"

"Abuja, aka ce."

"Abuja tana ina?"

"Kudu."

"Shi kuma farantin ina yake kallo?"

Alhaji ya ɗaga kai. "Malumfashi."

"To! Ka aiki mutum Abuja ya juya mata ƙeya, yaushe zai isa? Wannan Almustapha ɗin, makaranta kawai ya yi."

Malama Bushra ta fito da gudu ta ce ƙarfen sabis ɗin a Malumfashi yake, shi farantin ke kallo, kada a taɓa. Ta roƙi Alhaji a matsar da kabad ɗin dai. Amma maganar Abuja ta riga ta shiga kan Alhaji, har ya ce shi ma ya daɗe yana mamakin abin. Ɗanasabe ya cusa sifana a aljihu ya hau.

Daga ƙasa muna kallo. Notin da ya riƙe farantin ya ƙi kwancewa. Ya ja da hannu ɗaya, ya ja da biyu, sannan ya miƙe ya taka sifanar da ƙafa ya danna da dukan nauyinsa. Muka ji ƙas. Ƙarfen da ke riƙe da farantin ya karye, faranti ya sunkuyar da kai yana kallon rufi. Ɗanasabe ya ja da baya don ya ga abin da ya yi, ya taka wurin da kwano ya yi tsatsa, ƙafarsa ta dama ta burma har cinya.

Ofishinmu ba shi da silin, kuma rufinsa ba shi da tsawo. Alhaji Maiwada, wanda ya koma ciki ya zauna don ya huta, sai ganin takalmi ya yi ya faɗo a kan teburinsa. Ya ɗaga kai ya ga ƙafa tana lilo a samansa.

"Innalillahi! Ɗanasabe, ka mutu?"

"Ina lafiya, ranka ya daɗe," murya ta amsa daga sama. "Ina duba kwanon ne ta ciki."

A daidai lokacin wayar Malama Bushra ta yi ƙara. Almustapha ne, ya fito bakin titi ya ga kira rututu. Ta sa shi a sifika, ta gaya mishi fitilar kati na biyu ba ta kamawa. Sauran ba ta gaya mishi ba tukuna.

"Malama, bayan kabad akwai wani ɗan baƙin akwati, kamar sabulu. Shi ke ba faranti wuta. In ba ya jone, faranti a mace yake, fitilar kati ba za ta taɓa kamawa ba. Kun duba shi?"

Malama Bushra ta kalli Alhaji. Alhaji ya kalli ƙasa, ya ce a matsar da kabad.

Ni da Hussaini muka ture shi, ko minti ɗaya bai ɗauke mu ba. Ga ɗan baƙin akwatin nan, filoginsa yashe a ƙasa. A soket ɗin da ya kamata ya kasance, wani jan kebur ne a soke, ya hau bango, ya fita ta tsakanin ƙarafan taga. Jama'a suka zagaya waje suna bin sa da ido. Bai yi nisa ba. Ya sauka a rumfar da aka rubuta INJINIYA da jan fenti, inda wayoyi sun fi talatin ke kwance a jere suna shan wutar solar ƙungiya hankali kwance.

Alhaji ya dawo ciki ya tsaya a ƙarƙashin ƙafar, ya goya hannu a baya.

"Ɗanasabe."

Yatsun ƙafar suka dunƙule. "Na'am, ranka ya daɗe."

"Jan kebur ɗin nan na wane ne?"

"Aro na yi, Alhaji. Jiya da la'asar batirina ya yi sanyi, na zuro hannu ta taga. Wallahi na ɗauka wancan ɗin cajar tocila ce."

"Cajar tocila," in ji Gwaggo Tasalla daga bakin ƙofa. "Ka kashe abu jiya, ka zo yau ka ce kai ne mai tayar da shi, ka ƙare mini barkono. Alhaji, ku bar mini ƙafar nan minti biyu, akwai muciya gida."

Malama Bushra ta zare jan kebur ta mayar da filogin akwati. Fitilar kati na biyu ta kama, kore shar. Mutane suka yi kabbara. Amma ta dubi allon kwamfuta ta girgiza kai: faranti ya samu wuta, sai dai rufi yake kallo. Da aka gaya wa Almustapha abin da aka yi wa farantin, ya ce dole wani ya ɗaga shi da hannu ya saita shi da ƙarfen Malumfashi, ya riƙe har sunaye su gama tafiya. Ƙarfe uku da minti goma.

Hussaini ya fara hawa tsani, yana ɗora gwiwa a rufi kwano ya yi ƙara ya lotsa, ya sauko da sauri. Rufin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Wanda ke sama shi kaɗai ne, kuma farantin na daidai gabansa.

Haka aka yi layin ihu. Malama Bushra na kallon allo tana gaya mini, ni ina bakin ƙofa ina gaya wa Hussaini, Hussaini na ƙwala wa rufi, sauran jama'a kuma kowa na ƙara nasa.

"Dama!"

"Dama aka ce!"

"Ba damanka ba, daman mai fura!"

"Ya wuce! Dawo kaɗan!"

"Ɗaga sama! Kai, ba sama duka ba, jirgi kake nema?"

"Tsaya! Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Sunaye suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗanasabe na zaune a kan kwano mai zafi, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a cikin ofis, hannu biyu a sama riƙe da faranti. In ya sauke kafaɗa kaɗan sai tafiya ta tsaya, gari duka ya ɗauki ihu, ya mayar. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi zamansa. A ciki kuwa Malama Bushra ta buɗe kwamfutoci uku, ragowar masu layi suna shiga suna dangwalawa suna fita, kowa in ya zo wucewa sai ya sunkuya ya kauce wa ƙafar. Gwaggo ce kawai ba ta kauce ba.

Huɗu saura kwata aka gama da na ƙarshe a layi. Saura suna tamanin su tafi. Sai muka ji murya daga sama, ba irin wadda muka saba ji ba.

"Malama Bushra."

"Na'am."

"Ni fa ban dangwala ba."

Duk surutunsa, Ɗanasabe manomi ne kamar kowa. Gona ɗaya gare shi ta gado, da mata da 'ya'ya huɗu, kuma cajin waya ba ya cika rumbu.

"To sauko mana," in ji wani daga waje.

"In ya saki, tamanin ɗin nan sun zauna," in ji Malama Bushra.

"Ba zan saki ba," in ji Ɗanasabe. "Na dai faɗa ne. Ban ajiye iri ba bana."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni. Alhaji ya cire hula ya mayar. Kowa na kallon agogon waya.

Gwaggo Tasalla ta tako tsakiyar ɗaki, ta ɗaga kai ta ƙare wa ƙafar kallo.

"Ke Bushra, na'urar nan taku, ta san hannu ta san ƙafa?"

"Zanen yatsa kawai take karantawa, Gwaggo."

"To wanga da ke lilo bisa kanmu tun ɗazu, ba yatsa ba ne?"

Malama Bushra ta dubi agogo. Ta ce a kawo buhuna.

Muka jawo buhun masara huɗu daga sito muka jera biyu kan biyu. Hussaini ya rungumi kwamfuta ya ɗaga ta sama saboda kebur ɗin na'urar gajere ne. Da aka duba wanda zai hau, aka ce ni na fi tsawo. Na hau, na ga babban yatsan, na ce wannan ko na'urar Abuja ba za ta karanta shi ba sai an wanke. Aka miƙo buta da tsumma. Ni Muhammad Sani, da gemuna, da 'ya'yana a cikin masu kallo, ni na wanke wa wanda ya kashe mini rediyo ƙafa.

Ashe mutumin yana da jin cakulkuli. Ina taɓa tafin ƙafar ya fara ƙyaƙyatawa a sama, faranti na rawa.

"Ya tsaya!" Malama Bushra ta yi ihu. "Sunaye sun tsaya!"

"Kada ka yi dariya!" jama'a suka ɗauka daga waje.

"Malam Sani ne ke taɓa ni!"

"Ka ƙara motsi in cije shi," na ce.

Ya daure. Na kama yatsan na danna a gilashin na'ura. Ta ƙi. Na goge shi da bakin rigata na sake dannawa. Ta ƙi. Gwaggo ta ce a shafa mishi ɗan man gyaɗa saboda faso, aka rasa, mai fura ta miƙo ɗan man shanu a murfin roba. Na shafa, na goge, na danna a karo na uku. Na'ura ta yi ƙit, ta kawo kore.

"Sana'a?" in ji Malama Bushra, yatsunta a kan madannai.

"Injiniya!" aka amsa daga sama.

"Rubuta manomi," in ji Gwaggo.

Ta rubuta manomi. Sunansa ne ya tafi na ƙarshe, huɗu saura minti biyu. Sai da magina suka zo da almakashin kwano suka faɗaɗa ramin kafin aka zare shi, kuma ya kwana biyu hannuwansa ba sa sauka ƙasa sosai.

Bayan kwana tara motar iri ta iso. Ma'aikatan shirin suka kafa tebur a gindin dalbejiya da tasu na'urar, wata Hajiya mai gilashi tana zaune a bayanta. Ka dangwala, sunanka ya fito, a ba ka irinka da takinka. Ban taɓa ganin layi mai ladabi irin na ranar ba. Wanda ya karɓa ma ba ya tafiya, sai ya ajiye buhunsa ya zauna a kai. Mai fura ta rufe ƙwaryarta ta matso.

Ɗanasabe ya iso gaban tebur da tabarau a goshi. Ya ɗora babban yatsan hannun dama. Na'ura ta ƙi. Ya ɗora na hagu. Ta ƙi. Ya bi sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana fatan Allah Ya kawo ikonSa.

"Malam, ba ka cikin rajista," in ji Hajiyar. "Matsa, na baya ya zo."

Ba wanda ya matso. Ba wanda ya yi tari. Ɗanasabe ya dubi buhunan iri a bayan mota, ya waiwayo ya dube mu, mu ɗari huɗu. Sannan ya sunkuya ya cire takalmin dama, ya tattare wando, ya dafa kafaɗar Hussaini, ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan tebur a gaban Hajiya, ya danna.

Ƙit. Sunansa ya fito.

Hajiyar ta cire gilashi, ta dubi allo, ta dubi ƙafar, ta dube shi.

"Sabon tsari ne, Hajiya," in ji Ɗanasabe, yana tangaɗi a ƙafa ɗaya. "Bai iso wurinku ba tukuna."

"Ku ba shi kayanshi da sauri, ɗiyata," in ji Gwaggo Tasalla daga kan buhunta, "tun bai ce zai gyara muku na'urar ba."